Yadda Na Guje wa Surukina Har Na Kai Kaina Gabansa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na kwanta a gadon wani ƙaramin asibiti a Orozo, cikina a buɗe, fuskata a rufe, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige. Ƙasa dai ba ta tsage ba, shi ya sa nake nan ina ba ku labari.

Bari in ɗauko shi daga tushe. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Abuja, saura ƙiris in yi ritaya. A ofis ana shakkata. Idan na ɗaga gira a wurin taro, sai ka ga ƙananan ma'aikata suna gyara zama. Amma duk bokon nan nawa bai kankare mini tarbiyyar Gumel ba. Har yau ba na kiran sunan 'yar farina (a nan ma ba zan kira ba, mu ce da ita Yarinyar, ko da yake 'ya'yanta biyu). Mijinta kuwa, wato surukina, tsakanina da shi akwai labule, kuma labule na gaske, mai ruwan ƙasa, wanda na sayo a kasuwar Wuse. Shekara shida da aurensu, idan ya zo gaishe ni sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa a bayan labulen falona, ya yi gaisuwa can cikin maƙoshi kamar mai ciwon haƙori. Ni kuma in ce, "Lafiya lau. Madalla. A gaishe su." Hira ta ƙare.

Na ga hotonsa na biki, ba shakka, amma ango a hoto da babbar riga da hula har gira duk ɗaya suke. Da za a tara mini takalman mazan Abuja, zan fitar da nasa ba tare da na yi kuskure ba. Fuska kuwa sai dai a gaya mini.

Abin da ya dagula al'amarin shi ne surukin nan nawa likita ne. Kuma ba likitan ido ko na haƙori ba. Likitan mata.

Bayan al'adata ta ɗauke da 'yan shekaru, na ɗauka na gama da duk wata rigimar mara. Sai na fara jin nauyi a ƙasan cikina, ga yawan fitsari, ga zani ya fara ƙin zagayowa yadda ya saba. Da farko na ɗora wa tuwon dare laifi, na rage shi, ciki bai ragu ba. Da na je aka yi mini hoton ciki, sai aka ce ƙari ne a mahaifa, irin wanda ke damun mata da yawa. Na gaya wa Yarinyar, don dole in gaya wa wani.

Ta ce, "Mama, ki bari Abban Sadik ya duba hoton mana. Aikinsa ne fa."

Na ce, "Ke, kanki ɗaya? Surukina ya ga hoton mahaifata?"

"Hoto ne kawai, Mama, baƙi da fari. Ni ko gane shi ba na yi."

"Ko da zanen fensir ne."

Na sa ta rantse ba za ta gaya masa ba. Daga nan na ɗaura ɗamarar yawon asibitoci, da sharaɗi ɗaya: ko'ina zan je, ban da babban asibitin da yake aiki, kuma ban da duk titin da ya bi ta gabansa.

Ta farko wata likita ce a Garki, matashiya, mai sauri kamar an biyo ta. Ta ɗaga hoton ta kalla tana tsaye, ta ce, "Madam, a shekarunki gara a cire mahaifar gaba ɗaya a huta. Me za ki yi da ita?" A raina na ce, abin da nake yi da tsohon keken ɗinkina: ba komai, amma nawa ne. A fili kuwa na yi godiya na fito. Gaskiyar magana, ba son mahaifar ne ya hana ni ba, tsoro ne. Yayata, Yaya Binta, da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata tana yi mana barkwanci, aka fito da ita a lulluɓe. Tun daga ranar, idan na ji an ce "aiki", sai in tuna da ita.

Na biyu wani dattijon likita ne a Wuse, mai furfura da sanyin magana. Ya ce tunda al'ada ta tsaya, irin wannan ƙari yakan motse da kansa, don abin da ke ciyar da shi a jiki ya ragu. Ya ce ana iya barinsa a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Na ji kamar in yi masa guɗa. Sai ya ɗago ya tambaye ni, "Ba kya ganin jini dai ko?"

Na ce, "Ko ɗigo."

Ƙarya nake. Ina ganin ɗigo-ɗigo jefi-jefi. Amma mutumin ya ba ni amsar da nake so, kuma na ga alamar idan na faɗi gaskiya zai karɓe abarsa. (Ku lura, ni ce nake yi wa ƙananan ma'aikata wa'azi kan kawo cikakken rahoto.)

Ta uku ita ce abin kunyar da na ɗauka shi ne ƙarshe, ashe somin taɓi ne. Wata maƙwabciyata ta ja ni Mararaba wurin wata mai maganin gargajiya. Matar ta kwantar da ni a tabarma, ta danna nan, ta danna can, ta kasa kunne, sannan ta yi murmushi ta ce, "Wane irin ƙari? Hajiya, ciki ne ya kwanta miki. Likitocin nan ba su san shi ba." A wajenmu, kun sani, akwai masu cewa ciki yakan yi barci a jikin mace shekara da shekaru, sai an tashe shi da magani. Na tuntsire da dariya a gabanta, na ce ni da jikoki. Amma a hanyar dawowa, muna cikin cunkoson Nyanya, sai na kama kaina ina tallafe ciki duk lokacin da mota ta faɗa rami. Na sha jiƙon da ta ba ni, mai ɗacin da har kunne yake kaiwa. Kuma, Allah ya yafe mini, na shiga kasuwar Wuse na sayi farin shawul na jarirai. Na ce wa mai shagon na jika ne, ko da yake bai tambaye ni ba.

Abin da ya farka dai ba ɗa ba ne. Wata rana ina ofis jinin ya zo fiye da yadda ya saba, har sai da na ɗaura gyale a ƙugu kamar 'yar makaranta. A banɗaki Madam Ladi ta same ni ina kuka. Madam Ladi abokiyar aikina ce, Bagwariya 'yar Orozo, mun fi shekara goma muna raba abincin rana. Na gaya mata komai, ban da shawul.

Ta ce, "Hajiya, ka bar wannan magana na ganye. Akwai wani likita yana zuwa kilinik na garinmu kowane Asabar. Ita ce ya yi wa antina aiki. Hannunsa yana da kyau, kuma ba ya yi wa mutum ihu."

Na ce, "Ya sunansa?"

"Mu dai Likitan Asabar muke kiransa."

Orozo ta yi mini. Can bayan Karu da Jikwoyi, hanyar Karshi, inda ko a mafarki ba zan gamu da wanda ya san ni ba. Duk da haka na yi shiri kamar mai zuwa satar akwatin zaɓe. Na ari niƙabi, abin da ban taɓa sawa ba. Na zaro wani tsohon hijabi daga ƙasan akwati. Na sa almakashi na datse sunana daga saman hoton cikin. Na ce wa Alhaji, maigidana, zan je ta'aziyya Zuba, wato can ɗaya ƙarshen garin. Na bar motata a gida, na hau tasi zuwa Nyanya, na shiga bas. A wurin yankar kati na ba da sunan wata maƙwabciyata da muke 'yar tsama (in ma labari zai fita, ya fita a kanta).

Layi ya yi tsawo, sai bayan azahar aka kira ni. Na tarar da likitan ya ba ni baya yana wanke hannu, ya ce in yi haƙuri, ɗan abinci ya tsaya taɓawa. Da ya juyo, ga shi cikin koren kayan aiki, da hular leda, da tabarau, da takunkumi a fuska, ƙafarsa cikin takalmin roba irin na 'yan asibiti. Muryarsa a sake, tar da ita. A gefen teburinsa akwai wata robar abinci mai jan murfi, da ɗan sauran dambun nama a ciki. Na kalle ta na ce a raina, irin tawa ce, amma wace mace ce a Abuja ba ta da roba mai jan murfi?

Niƙabi wani abu ne. Da na tabbatar ba wanda ya san ni, sai bakina ya kwance kamar an kunce bakin buhu. Na gaya masa nauyin mara da yawan fitsari. Na gaya masa jinin, da yadda na ɓoye wa dattijon Wuse. Na gaya masa labarin Yaya Binta har na share hawaye ta ƙarƙashin niƙabi. Ya tambaye ni ko ina jin zafi a wasu lokuta na iyali, sai na zayyana masa abin da ko ƙawayena ban taɓa faɗa wa ba, har da ƙorafin cewa Alhaji ya yi ritaya daga aikin gwamnati amma ya ƙi yin ritaya daga rigima. Yana ta rubutu, yana cewa, "Na'am, Hajiya. Ina jin ki."

Har shawul ɗin sai da na faɗa. Bai yi dariya ba. Ya ɗaga hoton ya duba da kyau, ya ce a hankali, "Babu yaro a nan, Hajiya, na barci ko na farke." Na dai ga kafaɗarsa ta ɗan motsa.

Sai ya ce, "Amma duk yawon nan, ba ku da likita a dangi da zai ba ki shawara tun farko?"

Da na yi shiru a nan, da yanzu ina da sauran mutunci.

Na ce, "Akwai wani surukina. Wai likitan mata ne. Amma yaro ne, ko gaisuwa ba ya iya fitar da ita, sai ƙus-ƙus. Ban san yadda marasa lafiya ke jin abin da yake faɗa ba. Ina jin rubuta musu yake yi a takarda."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Wataƙila kunyarki yake ji."

Na ce, "Kunya daban, sanyin hali daban."

Na ji daɗin hirar, har na gyara zama. Idona ya koma kan robar, na ce, "Matarka ce ta yi dambun?"

Ya ce, "Surukata ce ta aiko mini."

Na leƙa na ce, "Ta cika masa wuta, ya yi duhu. Ni nawa ba ya yin haka."

"Ni kuwa ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Baiwar Allah ce, ga kunya. Shekara da shekaru ban taɓa jin ta haɗa magana mai tsawo ba."

Na ce, "Irin waɗannan sumumu-kasau ɗin su ake tsoro, likita. Bari ta samu wuri ka ji baki."

Ya ce yana so ya sake yin hoton da kansa ya ga girman ƙarin. A kusurwar ɗakin akwai gado da labule. Wata nas ta shigo ta ja labulen, ta kwantar da ni, ta yaye mini ciki ta shafa wani mai sanyi mai yauƙi. Jakata na bar ta a kan kujera, kusa da teburinsa. Ina kwance ina jin shi yana sake wanke hannu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, daga gida ne, kar ko ba lafiya." Da yake hannunsa da sabulu, sai ya danna ta yadda maganar za ta fito fili.

"Abban Sadik, ba ka taso ba?"

Muryar nan na san ta tun ranar da mai ita ta faɗo duniya tana tsala ihu.

Ya ce, "Ina tare da mara lafiya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Don Allah kar ka manta robar dambun Mama. Ka san ta da roba, sai ta shekara tana cigiya. Bari in kira ta in ji ko ta dawo daga ta'aziyyar, in kai mata yara."

Ta kashe. Na kalli silin, na kalli taga. Tagar tana da ƙarfe. A cikin ɗan lokacin nan na yi dabara uku: in ce fitsari ya matse ni in sulale, ko in koma magana da muryar tsohuwa, ko in suma. Ban kai ga zaɓar ko ɗaya ba na tuna da wayata.

Jikana Sadik, ɗan shekara huɗu, shi ne angona na wasa. Kwanakin baya uwarsa ta naɗi muryarsa ta sa mini a waya, duk wanda ya kira ni sai muryar ta tashi. Ni na roƙe ta ta sa, har ina kunna wa mutane a ofis. To daga cikin jakata, a kan kujera, a gefen uban yaron, sai ga murya ta cika ɗakin:

"Amaryata, ɗauki waya, angonki ne. Amaryata, ɗauki waya, angonki ne."

Ba zan iya tashi in kashe ba, cikina a waje. Yaron nan ya yi ta kirana har wayar ta gaji. Ruwan famfo ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan wata akuya daga can waje.

Ta ƙarƙashin labule ina hango ƙafafunsa. Na ga takalmin roba ɗaya ya zame daga ƙafa, sannan ɗayan. Na ga gwiwoyi sun sauko ƙasa. Sai na ji muryar nan ta cikin maƙoshi, ta mai ciwon haƙori, wadda na shekara shida ina ji:

"Mama, ina wuni."

Ni kuma, kwance, da mai a ciki da niƙabi a fuska, bakina ya ba da amsa da kansa: "Lafiya lau."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Madalla. A gaishe su."

Nas ɗin ta leƙa waje ta ga babban likita durƙushe ba takalmi a gaban labule. Ta ce, "Oga, wani abu ya faɗi ne?" Ya ce mata ta ɗan ba mu wuri. Ta fita tana waiwaye.

Na goge cikina da gefen hijabi, na diro daga gado ina laluben takalmi. Niyyata in fita da gudu, in koma gida, in haɗa kaya, in nemi canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Duk abin da na faɗa yana dawo mini ɗaya bayan ɗaya: ƙus-ƙus, sanyin hali, shawul, ritayar Alhaji. Da na tuna ritayar Alhaji sai da na dafa bango.

Ya ce, "Mama, ki gafarce ni. Yau zan yi rashin kunya."

Na tsaya a bayan labulen. Muryar likita ce ta dawo, amma a tausashe.

"Ƙarin nan ba shi ya fi damuna ba. Jinin ne. Jini bayan al'ada ta ɗauke ba a zama a kansa. Sau da yawa ba mugun abu ba ne, amma sai an auna ake sani. Likitan Wuse ya faɗi gaskiya bisa abin da aka gaya masa, da ya ji sauran da ba haka zai ce ba. Ba ni zan duba ki ba. Akwai malamata, mace ce, dattijuwa, ita ta koya mini aikin. Zan kira ta ta gan ki ranar Litinin."

Ya ci gaba da cewa:

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan likita ne ya ji, kuma likita ba ya kai labari gida. Amma idan ba ki je ba, Mama, ranar Talata zan zo in durƙusa a bayan labulen falo, ba zan tashi ba sai Baba ya tambaye ni dalili."

Wato yaron da na ce bai iya magana ba, har barazana ya iya.

Sannan ya ce, "Na ji tsoron da kike ji, kuma ba na raina shi. In har ya kama a yi aiki, ranar ina bakin ƙofa. Sadik yana buƙatar amaryarsa."

Na ce, "To." Na fito daga bayan labulen, na tarar ya juya fuskarsa bango, yana nan a durƙushe. Na ɗauki jakata. Na ɗauki robata (tawa ce, kuma ko a cikin kunya ba na barin roba). A cikin bas, wajen Kurudu, na zura hannu ta ƙarƙashin niƙabi na ɗanɗana sauran dambun. Tsakani da Allah ya yi duhu.

Ranar Litinin na je, ba niƙabi, da sunana na gaskiya, a babban asibitin nan da na yi watanni ina kewaye wa. Malamar tasa ta zaunar da ni, na gaya mata komai tun daga farko, wannan karon har da jinin a sahun gaba. Aka ɗebi ɗan abu daga bangon mahaifar aka kai awo. Da sakamako ya fito, ta ce bangon ya yi kauri ya fara sauya kama. Bai zama mugun ciwon nan da ake tsoron kiran sunansa ba, amma ya kama hanya. Ƙarin da na yi ta yawo da hotonsa ashe ɗan rakiya ne. Ta shimfiɗa mini hanyoyin da ake bi, na magani da sa ido da na aiki, ta faɗi amfanin kowace da haɗarinta, ta faɗi wadda ta fi dacewa da irin nawa da dalilinta, ta bar ni in yi tunani. Abin da likitar Garki ta faɗa a tsaye, shi wannan ta faɗa a zaune. Na zaɓi aikin da bakina.

Ranar da ake tura ni ɗakin tiyata, ina kwance ina karanta duk addu'ar da na sani, Yaya Binta tana tsaye a raina. Muna isa bakin ƙofar na juya kaina gefe, sai na ga wasu takalma baƙaƙe a tsaye jikin bango, masu ɗan lanƙwasa a dunduniyar hagu. Ban ɗaga ido ba, ba na buƙata. Na san su. Hankalina ya kwanta, na yi kuka, kuma ba na tsoro ba. Na farka lafiya, ga ni nan, zanina yana zagayowa har da saura.

Shawul ɗin na ba Madam Ladi da ta yi jika. Ta ce, "Hajiya, ka yi kokari, wannan mai tsada ne." Na ce ba komai, dama ajiye yake.

Likita kuwa bai kai labari gida ba. Na san haka, don Yarinyar ta zo tana ba ni haƙuri wai mijinta ya ɓatar da robata a wurin aiki, ta yi masa faɗa ya rasa abin cewa. Na ce a bar maganar, roba ce kawai. Ta kalle ni har tana taɓa goshina ko zazzaɓi nake. Wata rana kuma, ina jinya a falo, shi yana durƙushe a bayan labule ya gama ƙus-ƙus ɗinsa, ta ce, "Ni Mama, har yanzu ban san abin da ya sa kika yarda da asibiti ba."

Na ce, "Wani likita na gani a ƙauye. Yaro ne, amma ya san aikinsa."

Ta juya wajen labule ta ce, "Ka ji ko, Abban Sadik? Irin waɗannan ya kamata ka riƙa koyi da su."

Daga bayan labule aka ce, "In sha Allahu."

Da na warware, abu na farko da na yi a kicin shi ne dambun nama. Na tsaya a kansa da kaina, na rage wuta, na yi ta juyawa har hannuna ya gaji. Na zuba a sabuwar roba na aika. Da yamma Yarinyar ta kira ni ta ce, "Mama, ya ce a yi miki godiya. Kuma wai in gaya miki wannan karon bai yi duhu ba. Ni ban gane ba, da can ya taɓa cewa ya yi duhu ne?"

Na ce mata ta bar shi, maganar likitoci ce.

Labulen yana nan inda yake, ban cire ba, kuma ba zan cire ba. Abin da na koya dai guda biyu ne. Duk likitan da za ka je wurinsa, na farko ne ko na biyar, ka ba shi labarin gaba ɗaya, don rabin magana rabin magani take sayowa. Sannan idan ka ƙudura za ka ɓuya wa surukinka, ka daure ka ɗaga kai ka kalli fuskarsa ko sau ɗaya, domin in yana bakin aiki ba takalmin gida yake sawa ba.